Gumin Shanun San Isidro

Tipamayu, 9 ga Afrilu, 1989

Zuwa ga ƙanena Nemesio,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji wanda ya raya mu har muka ga ƙarshen wannan damina. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Rosaura da yaran, kuma zafin Santa Cruz bai takura muku ba. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar hagu da ke yi mini gardama idan na daɗe a durƙushe. 'Yata Zenobia da mijinta suna lafiya. Masara ta yi kyau a gonakin gangare, ta tudu kuwa ƙanƙara ta taɓa ta.

Shekara uku ke nan ban rubuto maka ba, tun rasuwar mahaifiyarka, kuma ba ni da hujja. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, ni kuma na goye ka kana jariri, ya kamata a ce zumunci kaɗai ya isa ya sa in ɗauki alƙalami. Amma yau ma buƙata ce ta sa na ɗauka. Na faɗa maka haka ne don kada ka yaba mini a kan halin da ba ni da shi.

Kana tune da zanen San Isidro, waliyyin manoma, da ke jikin bangon kudu a cikin majami'armu, yana riƙe da garma a bayan shanunsa biyu. Tun bara wani danshi ya bayyana a ƙafafun shanun. Na ɗauka rufi ne ke yoyo, na sa aka hau aka duba, ba a sami ko tsaga ɗaya ba. Bana danshin ya kai cikin shanun, kuma duk inda ya bushe sai ya bar wani farin gari mai ɗanɗanon gishiri. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ruwa daga sama yake gangarowa, haka Allah ya tsara shi, wannan kuwa daga ƙasa yake hawa. Na yi masa alama da gawayi ranar Kirsimeti. Yau ya wuce alamar da yatsa huɗu.

Mutane sun riga sun yanke hukunci. Doña Primitiva, wadda yanzu ta haura tamanin, ta ce gumi ne. Ta tsaya a bakin ƙofa bayan addu'ar Lahadi ta ce wa maza, "Shanun nan aiki suke yi kuna kwance. Wa kuke zaton ya yi muku huɗar da masara ta yi kyau haka? Ku? Da waɗannan hannuwan naku masu kama da dafaffen dankali?" Don Saturnino, wanda shi ke riƙe da shugabancin ƙauye bana, ya ce mata in haka ne ta roƙe su su leƙa gonarsa ta tudu, da alama ba su san hanya ba. An yi dariya, amma tun daga ranar mutane ke zuwa har daga ƙauyukan ƙetaren kogi da cokulansu, su kankare farin garin, su kai wa tumakinsu marasa lafiya. Shekara goma sha shida mabuɗin majami'a yana hannuna, ni ke buɗe musu. Ban sani ba ko wa bangaskiya nake buɗe wa, ko wa wauta.

Ta waje bangon lafiya lau yake. Shekara tara da suka wuce aka yi masa siminti daga tushe har ƙirjin mutum, kewaye da ginin duka, kuma har yau bai tsage ba. Saboda haka ruwan sama ba ya taɓa shi.

Kai ka yi karatu, kana aiki da jini da kwalabe a asibiti. Ka faɗa mini, akwai ruwan da ke hawa sama da kansa? Idan babu, to wannan alama ce, kuma wajibi ne in san ko ta albarka ce ko ta tsawatarwa, domin idan tsawatarwa ce, mai riƙe da mabuɗi ita ce ta farko da za a tambaya. Kada ka tausaya mini a amsarka.

Yayarka cikin Ubangiji,
Eduviges Tarqui

Santa Cruz, 4 ga Mayu, 1989

Yaya Eduviges,

Da direban babbar mota ya miƙo mini takardarki sai da na nemi wuri na zauna, don na ɗauka wani ne ya rasu. Mun gode Allah da ba haka ba ne. Muna lafiya. Rosaura na gaishe ki, ta ce ki riƙa shimfiɗa fatar tunkiya kafin ki durƙusa, ba za a rage miki lada ba. Yaran sun girma, babbar har ta fara gyara mini magana.

Na yi dariyar Doña Primitiva har abokin aikina ya leƙo ya ga ko lafiya. Ashe tana nan da bakinta. Amma Yaya, shanun nan ba gumi suke yi ba, kuma ba ke ake tsawatar wa ba. E, akwai ruwa mai hawa da kansa, ke ma kin san shi. Lagwanin fitilar da kike kunnawa a gaban bagade, wa ke ɗaukar masa mai zuwa harshen wuta? In kin tsallaka kogi bakin zaninki kaɗai ya taɓa ruwa, ba kya isa gida ki tarar jiƙar ta kusa gwiwa ba? Duk inda ruwa ya sami hanya siririya ƙwarai, sai ya kama gefenta ya yi ta hawa, kuma iya sirantarta iya nisan hawansa. Tubalin ƙasa cike yake da irin waɗannan hanyoyi. Yana tsotso laimar ƙasa tare da gishirin da ke cikinta, inda ruwan ya bushe sai gishirin ya zauna. Shi ake kai wa tumaki.

Tun zamanin kakanni bangon ke wannan tsotso bai cutu ba, domin yaɓen laka yana barin iska ta kwashe laimar tun tana taƙi biyu daga ƙasa. Don in tabbatar, na tambayi wani tsohon injiniya da nake ɗibar jininsa duk wata. Ina ambatar siminti ya dafe kai. Ya ce kamar a sa wa mutum takalmin roba ne shekara tara ba a cire ba. Ruwan ya rasa mafita ta waje, sai ya ƙara hawa, ya ɓullo ta ciki. Ya ce mai yiwuwa tushen bangon yanzu ya zama kamar kunu, simintin ne kawai ke riƙe masa kamanni.

Wane wawa ne ya kawo wannan shawara? Na san irinsu, mutum ya leƙa birni sau biyu ya dawo yana ƙyamar laka. Ko waye shi, ya shaƙe majami'ar nan da hannunsa, ko da a zatonsa riga ya ɗinka mata. Ki gaya wa Don Saturnino a fasa simintin tun rani na nan, bango ya sha iska kafin ruwan Disamba. Ki kuma ɓoye cokulan ƙauye.

Ƙaninki da kika goya,
Nemesio

Santa Cruz, 20 ga Agusta, 1989

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani. Mu lafiya muke, sai ƙaramin da ya yi tari ya warke.

Wata uku da rabi babu amsa. Da farko na ce hanya ce ta lalace. Daga baya na ce gwiwar ce ta kwantar da ke. Daga baya kuma na ce haushin dariyar da na yi wa Doña Primitiva kika ji, har na rubuta takardar ban-haƙuri a kan haka. Kafin in aika sai na ci karo da direban a kasuwa, na tambaye shi wa ya yi wa majami'a siminti. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwata. Ya ce, "Kai wane irin ɗan'uwa ne? Wa'adin da Doña Eduviges ta yi wa Allah ne, na shekarar da Zenobia ta kusa tafiya wajen haihuwa. Ni na kawo buhunan a motar nan."

Yaya, ban sani ba. A shekarar nan ina can Argentina, abin da ya iso ni kawai shi ne jaririn bai zo da rai ba, Zenobia ta tsira. Kalmar da na yi amfani da ita na janye ta, ina neman gafararki. Amma in na janye sauran na yi miki ƙarya, kuma ke kika ce kada in tausaya miki.

A cikin ambulan ɗin nan, tsakanin kwali biyu, akwai wani ɗan bututun gilashi siriri kamar tsinken tsintsiya. Da irinsa nake aiki kullum. Nakan huda yatsan yaro, ɗigon jini ya fito, in kai bakin bututun kusa, jinin ya shige da kansa, babu tsotsa babu turawa. Ki gwada da ruwan rinin da kike rina ulu. Kada ki yarda da ni, ki yarda da idonki.

Capilar muke kiran bututun. An samo sunan daga kalmar gashi ta Latin, harshen da ake yi mana addu'ar Misa da shi a majami'a muna yara. Daga sunan nan aka raɗa wa hawan ruwan suna, da shi kuma muke kiran mafi ƙanƙantar hanyoyin jini a jikin mutum, waɗanda gashi ya fi su kauri nesa ba kusa ba, har ƙwayoyin jini sai sun bi ɗaya bayan ɗaya. Su dai zuciya ce ke tura musu jini, ba hawa yake da kansa ba, siranta ce ta haɗa su suna. Amma ga abin da nake so ki gani. Manyan jijiyoyi dako kawai suke yi. A waɗannan ƙananan ne jini ke miƙa wa tsoka abinci da iska, ya karɓi datti, domin fatarsu ba ta da kauri, abu yana ratsa ta. Da za a yi musu yaɓe mai ƙarfi wanda babu abin da ke wucewa, da mutum ya mutu da jininsa cikakke a jiki. Bangonku ma sai abu na fita daga jikinsa yake rayuwa.

Saura wata uku da 'yan kwanaki ruwa ya sauko. Ko zagi ne ki rubuto.

Nemesio

Tipamayu, 17 ga Satumba, 1989

Ƙanena Nemesio,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da gidanka. Na yi murna da jin ƙaramin ya warke. Gwiwata tana nan yadda take. Ka gode wa Rosaura, na karɓi shawararta ta fatar tunkiya, ko da yake sai da na yi mako biyu ina muhawara da kaina.

Takardunka biyu sun iso. Ta farkon na karanta ta a tsaye a bakin majami'a, na ninke, na sa ƙarƙashin buhun masara, kuma duk Asabar ina ciro ta in sake karantawa. Ba kalmar wawa ce ta hana ni amsawa ba. Na so a ce ita ce, domin yin fushi da kai ya fi mini sauƙi. Na yafe ta tun ranar.

Na gwada bututunka da jan rini. Ya hau. Na gwada sau bakwai har ya karye a hannuna. Sai na ce gilashi daban, ƙasa daban. Na ciro tsohon tubali daga garken tumaki, na tsayar da shi a kwano mai ruwa yatsa biyu da safe. Kafin azahar ya yi duhu har rabi, kafin yamma gindinsa ya zube. Daga nan na zaga bayan majami'a na ƙwanƙwasa simintin bangon kudu da mabuɗi. Ƙarar da ya bayar irin ta tulun da babu komai a cikinsa ce.

Yanzu bari in faɗa maka abin da direba bai sani ba. Ranar da Zenobia ta haihu jini ya ƙi tsayawa, kogi ya cika, babu motar da za ta ƙetaro. Na shiga majami'a na ce wa Ubangiji, idan ka bar mini ita, zan suturta ƙafafun gidanka da abin da ruwa ba ya ci. Jinin ya tsaya. Muka binne jaririn, ita ta tashi. Da rani ya yi na cika wa'adina.

Wannan kowa ya sani, kuma an yabe ni a kai. Ga wanda ba kowa ya sani ba. Kana tune da ranar yaɓe ta watan Agusta, yadda kowane gida ke da nasa yankin bango. Maza su tattake laka da ciyawar tsauni, mata su jiƙa ganyen penka mai ƙaya kwana uku har ya ba da yauƙi, a gauraya, a shafa da tafin hannu. Kana kuma tune da abin da ke biye da shi: tulunan chicha, giyarmu ta masara, waƙoƙin zambo, samari suna shafa wa 'yan mata laka a wuya, dattawa suna kwana a gindin bango. Tun ina budurwa na tsani ranar nan. Nakan ce ɗakin Allah ba kasuwa ba ne. To, a cikin dukan abubuwan da zan iya yin wa'adinsu, da azumi, da tafiya birnin Sucre a ƙasa ba takalmi ranar idin Budurwa Mai Tsarki, me ya sa wannan ne ya zo bakina? Watannin nan huɗu wannan tambaya nake yi wa kaina. Ina tsoron amsar ita ce, ko a wannan sa'a, 'yata tana zubar da jini, akwai wani sashe na zuciyata da ya hango dama. Da aka yi siminti babu wanda ya ƙara ganin dalilin taruwa, ni kuma na ji daɗin shirun. Shekara tara babu tafin da ya taɓa bangon nan. A da, da tun shekarar farko hannun wata tsohuwa ya ji laushi ta yi magana.

Na hana masu cokula, ban ba su dalili ba, kuma sun yi mini biyayya domin suna zaton na fi su sanin abin da waliyyi ke so. Wannan ma nauyi ne.

Ga babbar maganar. Zenobia tana da ciki, bayan shekara tara da muka fid da rai. Watan Fabrairu ne watanta. Idan na fasa simintin nan, na karɓe abin da na bayar, kuma ban san da bakin da zan roƙa kada a karɓe abin da aka ba ni ba. Na san za ka ce Allah ba haka yake ba. Ni ma haka nake koya wa yara ranar Asabar. Amma abin da nake koyarwa bai kai ƙarfin abin da nake tsoro ba. Fada, limamin majami'armu, an ɗauke shi zuwa wani gari, sabon bai iso ba, babu wanda zan kai wa maganar.

Na yanke shawara ba zan taɓa shi ba sai ta sauka lafiya. Ka tambayi injiniyanka, ka ce mini bangon zai iya jiran damina ɗaya.

Yayarka,
Eduviges

Santa Cruz, 2 ga Oktoba, 1989

Yaya,

Mun yi murna da labarin Zenobia, Rosaura har da kuka. Allah ya sauke ta lafiya. Muna nan ƙalau.

Ba zan iya ce miki zai jira ba. Na tambayi tsohon. Ya ce ƙarar tulu tana nufin ƙasar ta riga ta rabu da simintin, kuma katakan rufi a kan bangon nan suke zaune. Zai iya tsayawa, zai iya faɗuwa, kuma bango ba ya duba ko Lahadi ce. In ban manta ba, ta gefen kudu mata ke durƙusawa. Zenobia a ina take zama?

Ya ce a fara tokare katakan rufi da itace. Kada a fasa duka lokaci ɗaya, a riƙa ɗaukar kamu biyu, a cire ruɓaɓɓen, a sa sabon tubali, sannan a matsa gaba.

Maganar Allah kin fi ni sani, ba zan sa baki ba. Abu biyu kawai zan ce. Kina ta yanke hukunci a kan Zenobia, amma ban ga inda kika ce kin tambaye ta ba, alhali ta ba talatin baya. Na biyu, wancan karon kogi ne ya hana a kai ta asibiti. Ki turo mana ita farkon Janairu kafin ya cika. Rosaura ta riga ta kwashe keken ɗinkinta daga ɗakin baya, daga nan zuwa asibiti kuwa tafiyar minti goma ce a ƙasa.

Ƙaninki,
Nemesio

Tipamayu, 10 ga Disamba, 1989

Ƙanena Nemesio,

Ina yi wa Ubangiji godiya saboda kai da Rosaura. Ina fata kuna lafiya. Ni hannuwana sun tsattsage, bayana yana ciwo, ban da wannan lafiya nake. Zenobia ta yi nauyi, ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma tana ci tana barci.

Tambayarka ta inda take zama ta hana ni sukuni. Daidai ƙarƙashin shanun take durƙusawa, kuma ni na zaɓa mata wurin.

Na same ta tana ɓarar masara a tsakar gida, na zauna na faɗa mata duka, har da abin da na rubuta maka game da ranar yaɓe. Ta ajiye masarar da ke hannunta. Sai ta ce, "Mama, buhu nawa ne ma?" Na ce goma sha huɗu. Ta ce, "Wato duk shekarun nan kina kallona kina ganin buhu goma sha huɗu na siminti? Ko saniyar Don Saturnino mai ido ɗaya ta fi haka." Na ce ta kiyayi bakinta. Ta ce, "Ke ki kiyayi naki. Ni na kwanta a cikin jinin nan, ba ke ba. Ni ma na yi addu'a, kuma ban yi alkawarin komai ba, don ba ni da ƙarfin yi. Cewa kawai na yi ina jin tsoro. Ke kaɗai aka ji ke nan, ni ba a ji ni ba?" Shekara tara ban taɓa tunanin akwai wata addu'a a ranar nan ban da tawa ba.

Ranar Lahadi bayan addu'a na roƙi jama'a su tsaya. Na kawo tubali da kwanon ruwa tun da safe na ajiye a bakin ƙofa, don su gani kamar yadda na gani. Na ce musu ba gumi ba ne, laimar ƙasa ce, kuma simintina ne ya kulle ta a ciki. Na faɗa musu har dalilin da ya sa na so shi. Doña Primitiva ta ce, "To, tunkiyata da ta warke fa?" Don Saturnino ya ce, "Gishiri ta rasa, Doña, shekara biyu ba ki saya mata ba." Ta ɗaga sandarta, ya ɓuya a bayan matarsa. Sannan ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma 'yar nan, da kin tambaye ni. Na sani tun farko don ki hana mu rawa kika yi." Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, "Wa ke yi wa wa'adin uwa gardama?"

Washegari maza suka tokare rufi, aka kawo guduma, sai kowa ya tsaya. Ka san yadda muke, wa'adi na mai shi ne, babu wanda zai sa hannu ya warware na wani, don kada abin ya bi gidansa. Don Saturnino ya miƙo mini gudumar, ya cire hularsa. Na duba ban ga Zenobia ba, sai ga ta a bayana ta riƙe mini mayafi don kada ya sarƙe. Bugu na huɗu ya fashe. Warin da ya fito irin na tsohuwar rijiya ne. Na sa hannu a ramin, ya shige har gwiwar hannu ban taɓa abu mai tauri ba.

Mun bi yadda injiniyanka ya ce, kamu biyu-biyu, mako biyar. Ba mu tsirar da komai da komai ba. Da muka iso daidai zanen, yaɓen ciki ya saki gaba ɗaya. Ƙafafun shanun sun tafi, garmar ta tafi, San Isidro ya rage daga gwiwa zuwa sama. Zanen ya girmi kakanninmu, kuma babu mai iya maido shi. Da na yi magana a watan Mayu, lokacin da takardarka ta farko ta zo, ana bushewar rani, wataƙila da ya tsira. Ba na neman ka rage mini wannan.

Da aka zo yaɓen waje sai aka tarar 'yan matan ba su san yadda ake jiƙa penka ba, ba su san kaurin da laka ke so ba. Mu uku kaɗai muka rage da sanin ainihin haɗin, biyun kuma tsufa ya ci ƙarfinsu, saboda haka ni na koyar. An kawo chicha, an yi waƙoƙin, biyu daga ciki a kaina aka tsara su, ba zan rubuta maka su ba. Har yanzu ban ga kyawun dattijo ya kwanta a gindin ɗakin Allah ba, amma ban tashi na tafi ba. An sa ranar yaɓe ta baɗi a watan Agusta kamar da.

An yi ruwan farko ranar Talata, kwana biyu yana zuba. Bangon yana tsaye. Gindinsa ya yi duhu taƙi ɗaya, da rana ta fito ya bushe.

Tsoron bai tafi ba, kada ka zaci ya tafi. Kullum da safe idan na durƙusa, bakina yakan fara, idan ka bar mini ita zan yi kaza, sai in kama kaina in yi shiru. Ban yi sabon wa'adi ba. Sunanta kawai nake faɗa. Ban sani ba ko wannan bangaskiya ce, ko dai na rasa abin da zan miƙa ne, kuma na daina tsammanin zan sani kafin Fabrairu.

Za ta taso da motar ranar takwas ga Janairu, mijinta zai biyo baya idan ya gama noman farko. Ka tare ta a tasha. Ta dage sai ta kawo wa Rosaura buhun masara, kada ka bari ta ɗauka da kanta.

Yayarka cikin Ubangiji,
Eduviges Tarqui